Gurbin da Na Cika a Bangon Fayil

Ƙarfe tara da minti arba'in na safiyar wata Litinin, a ƙarshen daminar 1987, mu uku ne a ɗakin rajista na ma'aikatarmu a Kaduna. Akwai Babban Akawu, shugabanmu. Akwai mai tafireta, wanda nake kira Yaya saboda ya ba ni shekaru da yawa, kuma unguwarmu ɗaya. Sai ni, akawun da ke riƙe da fayilolin ma'aikata. Na san lokacin daidai domin agogon bango yana saitin teburina, kuma ɗabi'ata ce in dube shi duk sanda takarda ta shigo.

Babban Akawu bai zauna ba. Ya riƙe takardar ya ce, "Kun ji a rediyo an cire Katsina. To ga namu rabon aikin. Kowane fayil a duba bangonsa. Wanda aka rubuta wa Lardin Zazzau ya zauna. Wanda aka rubuta wa Lardin Katsina zai tafi sabuwar jiha. Jerin sunaye zai bar ɗakin nan ranar Alhamis ƙarfe goma sha biyu na rana."

Yaya ya ɗaga kai daga tafireta. "Yallaɓai, mu 'yan Unguwar Kanawa fa? Kano za a kai mu?"

"Kai dai buga abin da aka ba ka."

"Ina tambaya ne don in san irin hular da zan saya."

Muka yi dariya, har da Babban Akawu. Ban ƙara jin dariya a ɗakin nan ba har makon ya ƙare.

Sai na tsaya nan in jera yadda aka yi ta yanka ƙasar nan, domin wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da na aikata ba.

Da farko Jihar Arewa ce, guda ɗaya, Kaduna ce hedikwatarta. A ƙarƙashinta akwai larduna, a cikin lardi akwai ƙasashen hakimai, a ƙarƙashin hakimi akwai dagatai. Mahaifina masinja ne a ofishin gwamnati a wancan zamani. A 1967 aka tsaga jihar gida shida. Na ga mahaifina yana dawowa gida da ƙura a kafaɗa, saboda ɗaukar fayiloli zuwa manyan motoci: wasu Kano, wasu Sakkwato, wasu Maiduguri, wasu Jos, wasu Ilori. Bayan fayiloli sai mutane suka bi. A layinmu gida uku aka rufe da kwaɗo. Mahaifina yakan ce ƙasa tana inda Allah Ya ajiye ta, takarda ce ke tafiya, mutum kuma ya ɗauki tabarmarsa ya bi ta.

Mu aka haɗa Lardin Zazzau da Lardin Katsina aka ce mana Jihar Arewa ta Tsakiya. A cikinta na kama aiki, da takardar firamare da ɗan horon akawu. A 1976 aka sake mata suna, ta koma Jihar Kaduna. A 1987 aka cire Katsina. Suna uku ke nan, ni kuwa ɗakin da aka haife ni ban taɓa barinsa da nisan da ya wuce layi biyu ba.

Abin da ya shafe ni ya faru ne a 1976. Da aka sake suna, sai aka bugo sababbin bangwayen fayil masu ɗauke da sabon sunan jiha, aka ce a kwafe abin da ke jikin tsofaffin zuwa sababbin. Ni aka ba aikin saboda rubutuna yana da kyau. Dokar guda ce: abin da ka gani shi za ka kwafa.

Na yi ta kwafa har na zo kan fayil ɗin Yaya. Sunansa yana nan, ranar kama aiki tana nan, sunan ƙauyen mahaifinsa yana nan. Gurbin lardi kuwa wayam, ba a rubuta komai ba.

Ni mutum ne da ba ya son ganin gurbi a buɗe. Ko a gida, idan aka ɗauki kofi daga jeri ba a mayar ba, sai na tashi na mayar. Yaya yana zaune taku huɗu daga gare ni, yana ta buga aikinsa. Ban tambaye shi ba. Dalili na farko, a rajista ba a nuna wa ma'aikaci fayil ɗinsa, ba a kuma yi masa zancen abin da ke ciki. Dalili na biyu, wanda shi ne na gaskiya, sabon akawu ne ni, ina so a ga na iya aiki ba tare da tambaya ba.

A bangon ɗakin akwai tsohuwar taswira tun ta zamanin Jihar Arewa. Na hau kujera na nemi ƙauyen har na same shi. Jan layin da ya raba lardunan biyu yana da kauri, ya ratsa ta kan sunan ƙauyen a karkace. Na ƙirga haruffan sunan. Huɗu suna ɓangaren arewa, biyu suna ɓangaren kudu. Na sauko, na ɗauki biro, na rubuta Lardin Katsina. Na ji daɗin yadda bangon ya cika. A lokacin lardunan biyu jiha ɗaya ce, babu wanda abin zai taɓa. Na wuce fayil na gaba, na manta.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a wannan Litinin da na fara da ita, wajen ƙarfe biyu da kwata, fayil ɗin ya zo hannuna. Na ga rubutuna, na ɗaga kai na ga taswirar tana nan inda take, sai komai ya dawo mini har kujerar da na taka. Na riƙe fayil ɗin kamar minti biyar. Daga baya na ɗora shi a kan tarin masu tafiya, domin abin da bango ya ce ke nan.

Ranar Talata da safe na miƙa wa Yaya sunayen da na rubuta da hannu don ya buga. Ba na duban sa, amma ina jin ƙarar tafireta. Ta yi ta tafiya, tana kaiwa ƙarshen layi tana ƙararrawa, yana mayar da ita. Can sai ta tsaya.

"Akawu."

"Na'am, Yaya."

"Wannan na ashirin da uku, ni ne ko mai irin sunana?"

"Kai ne."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ya tashi ya je gaban teburin Babban Akawu, ya tsaya da hannu biyu a baya.

"Yallaɓai, ni a Unguwar Kanawa aka binne cibiyata. Mahaifina ya baro ƙauye tun kafin ya auri mahaifiyata. Kuma ko ƙauyen za a bi, gidanmu ƙasar Zazzau ne."

"Bango ya ce Katsina."

"Wa ya gaya wa bango?"

Babban Akawu ya juyo ya dube ni. Kowa ya san duk bangwayen nan da hannuna aka rubuta su. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ni.

"A'a, Yallaɓai, bar Akawu. Wannan ko ƙuda ya gani a mace a kan takarda sai ya zana shi yadda yake. Abin da ya tarar ya kwafa. Wanda ya buɗe fayil ɗin tun farko ne ya cuce ni."

Na sunkuyar da kai ina gyara tarin takardu da ba su bukatar gyara.

Dole in faɗi abin da tafiyar take nufi a gare shi. Ba tsoron Katsina yake yi ba. Wasu a ma'aikatar murna suke, suna cewa sabuwar jiha kujeru ne a buɗe. Shi damuwarsa mahaifiyarsa ce. Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Tana ɗakin da mijinta ya gina, ta kuma rantse daga ɗakin nan sai kabari. Shi kaɗai ne ɗanta da ya rage. Kullum kafin ya fito aiki shi yake ɗaukarta ya kai ta tsakar gida ta sha hantsi, da yamma ya mayar da ita. Ba ta yarda wani ya ɗauke ta, ko matarsa. Shekara huɗu suka rage masa ya yi ritaya.

Babban Akawu mutum ne mai tsanani amma ba mugu ba. Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko a sami takardar da ta girmi wannan bango wadda ta faɗi wani abu dabam, ko ka kawo shaidar dagacin garinku da hatiminsa. Kafin Alhamis sha biyu. Minti ɗaya ya wuce, ba ruwana."

Yaya ya rufe tafireta da mayafinta. Ya ce mini, "Akawu, ka buga sauran da yatsunka biyun nan. Kada ka karya mini baƙi." Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ya fita zuwa tashar Kawo.

Ranar Laraba na wuni ina buga sunaye da yatsa biyu. Bayan sallar azahar na karɓi mabuɗin sito. Tsofaffin bangwayen suna can, ni na ɗaure su da igiya a wancan lokaci, ɗari-ɗari, bisa lamba, saboda ba na zubar da takarda. Cikin minti ashirin na sami na Yaya. Gaban yana yadda na san shi, gurbin lardi ba komai. Zan mayar da shi ke nan sai ya kufce ya faɗi a kife.

A bayansa akwai rubutun fensir, ya dushe amma ana karantawa. Ma'anarsa ita ce: rafi ya raba garin biyu, gidan mahaifinsa kudu da rafi yake, ƙasar Zazzau, a jira takardar hakimi.

Akawunan zamanin Jihar Arewa haka suke aiki. Abin da mutum ya faɗa da baki ba a tabbatar ba, sai su rubuta shi da fensir a bayan bango, su bar gurbin a buɗe har shaida ta zo, sannan a cika da tawada. Wannan gurbi ba mantawa aka yi da shi ba, jira yake yi. Mahaifina ya taɓa gaya mini wannan al'ada. Ban juya bangon ba a 1976, na gwammace in hau kujera.

Na tsaya a cikin siton, na jera abin a raina yadda na saba. Na farko, wannan takarda ta girmi sabon bango, kuma ta faɗi wani abu dabam, don haka za ta iya tsayar da Yaya. Na biyu, duk wanda ya ajiye tsoho da sabo gefe da gefe zai ga gurbi wayam a ɗaya, rubutuna a ɗaya. Ƙara wa takardar gwamnati abin da ba a ba ka ba laifi ne da ake kora a kansa, ga shi ina da mata da 'ya'ya biyar. Na uku, Yaya ya tafi karɓo shaidar dagaci. Idan ya dawo da ita, magana ta ƙare ba tare da an ga wannan ba.

Na uku na bi. Na sa bangon a cikin riga, na kai shi durowar teburina, na kulle, na jefa mabuɗin a aljihu. Na ce wa kaina idan dagaci bai ba da takarda ba, sai in fito da tawa.

Bayan la'asar na bi ta gidansu, saboda ya ce in leƙa. Inna tana ɗaki, ranar ba ta fita tsakar gida ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

"Wa ke nan? Akawu ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ya ce mini kai ke riƙe da takardunsu."

"Haka ne."

"To alhamdu lillahi. Na ce masa tunda a hannunka suke ya kwantar da hankalinsa. Ubanka ma haka yake, ba a taɓa jin ya ɓatar da saƙo ba. Matso in ji kanka."

Na matsa. Ta ɗora hannu a kan hulata ta sa mini albarka mai tsawo. Mabuɗin durowa yana danna mini cinya har ta gama.

Ranar Alhamis na iso ofis bakwai da rabi. Jerin sunaye ya kammala tara da kwata, na ajiye shi gaban Babban Akawu. Goma ta buga, Yaya bai zo ba. Goma da rabi aka soma yayyafi. Sha ɗaya ta yi. Babban Akawu ya ciro hatimi da tawadarsa ya ajiye kusa da jerin, ya ci gaba da karanta wani abu. Sau biyu na sa hannu a aljihu. Duk sanda na taɓa mabuɗin sai in ce bari a ƙara minti biyar.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar Yaya ya shigo. Wandonsa taɓo har gwiwa, takalmi a hannu, amma fuskarsa a sake.

"Yallaɓai, rafin nan ya cika, sai da aka haye da ni a kan gora kamar tulu. Amma ga ta." Ya ciro ambulan daga cikin hula, a manne, da hatimi a bayanta. "Har kaza aka yanka mini. Akawu, ka karya baƙi nawa?"

Babban Akawu ya farke ambulan ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ajiye takardar a hankali.

"Ka san abin da ke ciki?"

"Dagaci ya ce ya rubuta mini alheri."

"Ya ce kai ɗansa ne, jikan garinsa, ƙasar Katsina. Ya roƙi sabuwar gwamnati ta riƙe ka da kyau."

Yaya ya nemi kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a gaban Babban Akawu sai an ce masa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce na zo neman shaidar asali."

"Ba ka ce masa so kake ka zauna a Kaduna ba?"

"Yallaɓai, in shiga zauren dattijo, ya shimfiɗa mini buzu, yana lissafa mini kakannina ɗaya bayan ɗaya, in ce masa rubuta cewa ni ba naka ba ne? Da wane baki?"

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Dagacin a arewa da rafi yake zaune, kuma a wurinsa garin ɗaya ne tun kaka da kakanni, layin Turawa bai dame shi ba. A makonnin nan mutane suna ta zuwa wurinsa neman takardar zama 'yan sabuwar jiha. Ya ɗauka Yaya ma abin da ya kawo shi ke nan, ya yi masa gata iyakar ƙarfinsa. Kudu da rafi mai unguwa ne kawai, ba shi da hatimi, hakiminsu kuma yana da nisan wuni guda.

Agogo ya nuna sha biyu saura minti goma. Babban Akawu ya ce, "Akwai wata takarda?" Ba ni ya tambaya ba, ɗakin ya tambaya. Durowar tana taɓa gwiwata. Na ce a raina yanzu ga shaidar dagaci ta goyi bayan rubutuna, fensir ba zai ture hatimi ba, in na fito da ita na kashe kaina a banza. Ban sani ba ko haka ne. Abin da na sani shi ne ban gwada ba. Na zauna ina kallon dogon hannun agogo har ya hau kan gajeren.

Babban Akawu ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ɗauki jerin da kansa ya hau sama da shi.

Sha biyu da minti arba'in, Yaya ya fita wanke ƙafa don salla. Na buɗe durowa, na ajiye tsohon bangon a gaban Babban Akawu, a kife. Ya karanta fensirin. Ya juya gaban. Ya jawo sabon bangon ya ajiye kusa da shi. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe ka samo wannan?"

"Jiya bayan azahar."

"Jiya."

"I, Yallaɓai."

"Da jiya ka kawo, da na cire sunansa da hannuna, kai kuma in san yadda zan yi da kai a cikin ɗakin nan. Yanzu jeri ya hau sama, ga takardar dagacinsa a fayil. In na kai wannan, shi ba za a dawo da shi ba, kai za a kore ka. Mutum ɗaya ya isa a yini guda. Ɗauke ta daga gabana."

Ban mayar da ita sito ba. Na kai ta gida. A duk shekarun da na yi ina aiki, ita ce takarda ɗaya tak da na fitar daga ofis.

Bayan 'yan makonni aka sa musu ranar tafiya, wata Asabar. Na raka shi tashar Kawo ƙarfe takwas na safe, da niyyar in gaya masa. Tashar cike take da ma'aikata da katifu da akwatunan ƙarfe. Shi jaka ɗaya ya ɗauka, ya bar iyali wurin Inna. Na shirya maganar tun daga gida, da farkonta da ƙarshenta.

"Yaya, akwai abin da..."

"Na sani, zaren tawadar tafireta ya kusa ƙarewa, akwai sabo a kabad na ƙasa. Ka ga, Akawu, ba na son dogon bankwana, ba Makka zan tafi ba. Duk Juma'a da yamma ina nan. Abu ɗaya nake roƙo. Inna ta ce in ba ni ba, kai kaɗai ta yarda ka ɗauke ta. Kafin ka wuce ofis, minti biyar ne. Ba ta da nauyi."

Kwandasta ya buga jikin mota. Na ce wa Yaya to.

Na cika wannan alkawari. Kullum bakwai saura kwata ina gidan, in ɗauke ta in kai ta tsakar gida, bayan la'asar in mayar da ita. Gaskiya ya faɗa, ba ta da nauyi. Kullum sai ta tambaye ni yau wace rana, ta ƙirga saura nawa Juma'a. Wata rana ta ce, "Kai da ka san takardu, ba a gyara irin wannan?" Na ce ana dubawa.

A wata na huɗu ta rasu, ranar Talata da hantsi. Na ruga Kawo na ba direban motar Katsina saƙo a rubuce. Aka jira har la'asar, malaman unguwa suka ce ba a ajiye gawa. Yaya ya iso Laraba da azahar. Ya tsaya a ƙofar ɗakin bai shiga ba. Ya tambayi wanda ya sa ta a kabari, aka ce ni da wasu mutum biyu. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah Ya saka maka, Akawu. Ka yi mini abin da ɗan'uwa na jini zai yi." A gaban mutane ya faɗa. Na amsa da amin.

Bayan sadakar arba'in ya kwashe iyalinsa, aka sayar da gidan. Shekarun farko mukan aika wa juna gaisuwa ta hannun direbobi. Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma, gaisuwar ta yanke. Na ji labarin rasuwarsa a bakin wani ɗan fansho, bayan an daɗe da yi. Ni na kai har kujerar Babban Akawu, na yi ritaya ba tare da takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗina ba. Duk akawun da ya yi aiki a ƙarƙashina ya san ba na yarda a cika gurbi sai mai shi yana tsaye. Suna cewa na cika tsanani. Babu wanda na gaya wa dalili.

Abin da ya sa na rubuta wannan yanzu, kwanan baya na raka jikata karɓar takardar shaidar asali don shiga makaranta. Ma'aikacin bai tambaye ta inda aka haife ta ba. Ya ce, "Kakanki ɗan ina ne?" Na tsaya a bayanta ina tunanin jikokin Yaya, duk inda suke, ana yi musu wannan tambaya, suna amsawa da abin da na ƙirgo daga jikin taswira. Wataƙila sun ji daɗin inda suke, ba su bukatar komai daga gare ni. Amma suna da hakkin su san kakansu bai yi ƙarya ba ranar da ya tsaya da hannu biyu a baya ya ce gidansu ƙasar Zazzau ne, kuma ba wanda ya buɗe fayil ɗin tun farko ne ya cuce shi ba.

Bangon yana cikin akwatina, a cikin leda. Fensirin yana ƙara dushewa, idona ma haka.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu. Idan ka san iyalin wani mai tafireta da aka ɗauke daga Kaduna zuwa Katsina a shekarar rabo, wanda mahaifiyarsa makauniya ta rasu a Unguwar Kanawa yana can, wanda ƙauyen kakanninsa rafi ya raba biyu, ka karanta musu wannan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ranar Laraba. Ka ce musu in sun zo unguwar su tambayi tsohon akawun rajista, ina zama a ƙofar gida daga la'asar zuwa magariba. Su zo su karɓi takardar mahaifinsu, su kuma faɗa mini duk abin da suka ga dama. Ina roƙon kada a jinkirta.